Na goge giwan ruwa mai tabarau, amma kwamfuta ta ƙi mantawa

Daga admin: an turo mana wannan ta akwatin sirri, mai saƙon ta roƙi a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan gurup, iyayena da yayyena, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, domin idan Alhamis mai zuwa ta same ni a yadda nake, to ba abin da ya rage min sai in shiga kwale-kwale in haye wani gungu a tsakiyar ruwa in canza suna in fara sayar da gyaɗa. Na san wasu za su ce ni na jawo wa kaina, eh na ji, ku ajiye wannan, Yayana ya riga ya faɗa min har muryarsa ta dishe, shawara nake nema ba maimaici ba.

Ni yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Gidanmu gidan masunta ne a Yelwa, Inna tana bandar kifi, Baba kuma yana gyaran kwale-kwale tun da ciwon ƙugu ya hana shi jefa komar birgi. Yayana, wanda zan riƙa ce masa Yaya kawai, yana aiki a wani ƙaramin ofishin binciken kifi da ke bakin ruwa, shi ne mai kula da kwamfutocinsu, amma har yau ma'aikacin wucin gadi ne, ana ta ce masa za a tabbatar da shi, za a tabbatar da shi, ya shiga ofishin nan fuskarsa sumul, yanzu gemu har yana taje shi. A ƙarshe dai an ce masa idan aikin da zan ba ku labarinsa ya tafi lafiya ranar buɗewa, to takardarsa ta fito. Ku riƙe wannan da kyau, shi ne abin da yake hana ni cin abinci, wato ina ci, amma ba na neman ƙari.

Ga yadda aikin yake. Tun zamanin da muke cikin Jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Kebbi, akwai malaman awo da ake turawa bakin ruwa, daga Yelwa har Warra har Shanga, idan masunta sun dawo sai su auna kifin, su rubuta sunan mai jirgi, da irin komar da ya yi aiki da ita, da irin kifin da nauyinsa, a ƙasa kuma akwai wani fili na ƙarin bayani inda malami yake rubuta abin da ya gani, kamar ruwa ya ja baya, ko iska ta hana fita. Takardun nan sun taru sun cika ɗaki, kuma in gaya muku gaskiya gara da ɓeraye sun fi duk wani dokta na ofishin karanta su. Daga baya aka shigar da su kwamfuta, amma shigarwar banza, don ba za ka iya neman komai ba sai ka san kwanan wata da lambar ƙauye. Idan kana son sanin inda aka taɓa kama kifin yauni, sai ka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ka mutu jikokinka su ci gaba. Shi ne aka ce a kawo wanda zai saka wa abin akwatin nema, ka rubuta kowace kalma, ta fito maka da duk inda aka ambace ta, ko da a cikin ƙarin bayanin ne.

Aka ɗauko wani daga Kaduna, Injiniya ake ce masa. Jama'a, tun daga tashar mota mutumin nan ya saka rigar kariya daga nutsewa, irin mai ruwan lemon nan, da ita ya hau acaba, da ita ya zauna a ofis, ina kyautata zaton da ita yake wanka. Ranar farko ya tambayi Yaya ko kada yana shigowa cikin gari. Aka kawo masa farfesun tarwaɗa ya ce a cire masa gashin bakin tukuna. Kowace magana sai ya ce "sistem", sistem ya yi kaza, sistem bai yarda ba, kai ka ce sunan surukarsa ne. Wannan shi ne wanda aka damƙa wa ilimin ruwanmu gaba ɗaya.

Sai kuma shugaban ofishin, Dokta. Mutum ne mai tabarau da tumbi, tumbin yakan riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso. A kan giwan ruwa ya yi karatunsa har ƙasar waje, amma bai taɓa yarda jirgi ya kai shi inda ba ya hango ƙasan ruwa ba. Sau ɗaya aka lallaɓa shi zuwa Warra ta ruwa, ya yi ta amai har kifaye suka yi layi suna bin jirgin suna masa godiya. Idan Inna ta kawo wa Yaya abinci sai ya ɗora hankici a hanci, wai ƙaurin banda, alhali da ƙaurin nan yake cin albashi. Kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa shi ɗan gidan malamai ne, kakansa kaza, littattafai kaza. To akwai wani tsohon mahauci a kasuwa da Inna take sayen kayan ciki a wurinsa, garinsu ɗaya da Dokta, shi ya gaya mana cewa da uban Dokta suka yi fawa, teburinsu na jere, kuma Dokta da kansa ya yi tallan tsire kafin boko ya ɗauke shi. Ni ban ga abin ɓoyo a nan ba, wa ba ya cin nama? Amma kun san tsakanin masunta da mahauta akwai wasa tun kaka da kakanni, tsohon nan da ya hango ni sai ya ce, "Ga 'yar ƙarni nan, ku rufe naman kar ya lalace," ni kuma in ce, "Sannu sarkin ƙudaje, yau talakawanka sun yi maka mubaya'a?" Ba mai fushi, har ƙarin hanta yake min. Don haka tun ranar da na ji asalin Dokta, a zuciyata na ɗauke shi abokin wasa, shi ne dai bai sani ba.

Yadda na shiga ofishin kuwa, akwai ragowar takardu da ba a gama shigarwa ba kuma lokaci ya ƙure, ni kuma hannuna yana da sauri a kibod don na yi koyo a shagon kwamfuta, sai Yaya ya riƙa zuwa da ni ina taya shi. Ni ba ma'aikaciya ba ce, ba ni da fasawod, da nasa nake shiga, alhali ga sanarwa nan manne a bango da jan biro cewa duk wanda ya ba wani fasawod ɗinsa a bakin aikinsa. Dokta ya san ina zuwa, amma a tunaninsa karanto wa Yaya nake yi yana bugawa, har yakan ce min "ƙaramar sakatariya" idan ya tashi da ƙafar dama.

Ina cikin wannan aikin na ci karo da takardar kakana, mahaifin Inna, Allah ya jiƙansa. Ga sunansa, ga tambarin Jihar Sakkwato ya koɗe, ga kifin da aka auna masa a wata ranar kasuwa. Ban taɓa ganinsa ba sai a wannan takardar. Da na koma gida na gaya wa Inna nauyin da aka rubuta, sai ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin zani, ta ce, "Ƙarya ta wallahi! Wanga ai na bisa ne. Manyan suna ƙarƙashin tabarma, ya zauna bisansu yana gaisawa da malamin. Wa zai nuna ma gwamnati giwan ruwa ta aza mai haraji?" Kun ji fa ilimin da Dokta ya haye jirgin sama a kansa.

To ranar da Injiniya zai haɗa abin nasa, sai ya ce wa Yaya a rubuta wani abu na gwaji a ko'ina cikin bayanan, don a ga ko akwatin neman zai kamo shi. Yaya yana waje yana dambe da janareto, ya leƙo ta taga ya ce min in rubuta ko mene ne. Ku dubi Allah, a ce wa yarinya irina ta rubuta ko mene ne. Takardar kakana ce a buɗe a gabana don kullum sai na leƙa ta, filin ƙarin bayaninta babu komai, kuma a daidai lokacin Dokta ya wuce da hankicinsa yana cewa ɗakin yana warin kifi. Sai kawai na ga yatsuna suna aiki. Abin da na rubuta, kusan kalma da kalma, shi ne: yau an kama giwan ruwa mai tabarau, giwan ruwa ne mai tumbi wanda yake tsoron ruwa, an saka wannan giwan ruwa a jirgi ya yi amai, an tambaye shi asalinsa ya ce shi giwan ruwa ne ɗan gidan malamai, da aka farke cikinsa sai ga tsinken tsire da wuƙar fawa. Na karanta, na yi dariya har na faɗo daga kujera, na ajiye shi da niyyar in nuna wa Yaya in goge.

Ban samu na nuna ba, Inna ta aiko a kira ni in taya ta juya banda. Shi kuwa Injiniya, gwanin sistem, ya manta ma da ya ce a yi gwaji, ya kunna abinsa ya bar shi yana aiki tun safe har wata safiyar, ya gwada da wata kalmar Turanci ta fito, ya tafa wa kansa, ya kulle babbar kwamfutar da nasa fasawod ɗin, ya hau mota da rigar lemonsa ya koma Kaduna, wai sai ranar buɗewa.

Washegari da na tuna, na shiga na goge rubutun tas, na duba na sake dubawa, filin ya koma fari kamar yadda malamin awo ya bar shi. Na yi hamdala, har na sayi awara na yi wa kaina walima. Sai da yamma na ce bari in ɗana sabon akwatin nan da ake ta zuzutawa, na rubuta giwan ruwa na danna. Jama'a, abin da ya fara fitowa a saman allo, sama da duk binciken shekara da shekaru, sama da rubutun Dokta kansa, shi ne sunan kakana, a ƙasansa kuma da baƙin rubutu mai kauri, yau an kama giwan ruwa mai tabarau. Har zuwa wuƙar fawa, bai rage wasali ɗaya ba. Na danna kan takardar, ta buɗe babu komai a ciki. Na koma baya na sake nema, ga shi nan daram. Na kashe kwamfutar na kunna, na hure kibod, na karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa, yana nan.

Dole na kira Yaya. Da ya gani ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa kamar mai karɓar gaisuwa. Da ya dawo hayyacinsa ne ya yi min bayani, a tsakanin zagi. Ashe akwatin neman ba ya komawa cikin takardun idan ka tambaye shi. Sau ɗaya yake bi ya karance su duka, ya haddace kowace kalma da inda ya gan ta, ya ajiye haddar a wani wuri nasa daban da suke kira indes, daga nan duk tambayar da ka yi masa daga haddar yake amsa maka. Wato dai irin tsohuwar nan ta unguwa da ta gan ka sau ɗaya kana satar mangwaro, ko ka tuba ka je Makka ka dawo, in aka ambaci mangwaro sunanka za ta kira. Dalilin da nawa ya hau sama kuma, wai abin yana fifita rubutun da ya fi nanata kalmar da ake nema, malaman awo sau ɗaya suke ambaton kifi su wuce, ni kuwa na yi ta jera giwan ruwa kamar mai kirari. Na ce to in rubuta wasu sababbi masu giwan ruwa ɗari-ɗari su danne shi mana, ya ce ke dabbar ina ce, abin da ba ya ganin gogewa zai ga ƙari? Ya ce masu aikin kirki suna haɗa shi ne yadda zai riƙa sabunta kansa, amma namu gwanin ya bar wannan sai an ba shi kashi na biyu na kwangila.

Mun yi faɗa sosai, ya ce na kashe shi, na ce shi ya ce in rubuta ko mene ne, ya ce ko mene ne na mutane masu hankali yake nufi, na ce to da ya faɗa. Ya ce duk abin da aka shigar sunansa yake ɗauka, na ce amma takardar ta kakanmu ce, ya ce to ai shi ke nan, ko makaho ya san daga gidanmu abin ya fito. Daga nan ya kira Injiniya a waya, yana lallaɓawa, wai ko za a iya sake haɗa indes ɗin kafin buki don an yi 'yan gyare-gyare. Mutumin ya ce fasawod ɗin babbar kwamfuta ba ya bayarwa a waya, kuma sake haɗawa yana son wuta ba yankewa tun safe har wata safiyar, man janareton kuma sai Dokta ya sa hannu, Dokta kuma sai ya ji dalili. Sannan ya ce wane gyara ne ma haka, a turo masa ya gani. Yaya ya ce a'a ba komai, Allah ya kawo ka lafiya. Shi kuma Injiniya da safiyar Alhamis zai iso, bukin da hantsi.

Ina cikin wannan sai jiya Dokta ya tara mu yana tsara yadda ranar za ta kasance. An gayyato hakimi, da Sarkin Ruwa, da malamai daga jami'a, da manyan masunta daga Warra da Shanga, za a haska allon a bango da majigi yadda na bayan rumfa ma zai gani, kuma wani zai riƙa karantawa a lasifika saboda tsofaffi. Ya ce kalmar farko da za a nema, ba sai an tambaya ba, giwan ruwa ce, sarkin kifayen tafki kuma abin da ya ba da ƙuruciyarsa a kai. Sannan ya juyo da tabaransa kaina yana murmushi, ya ce ya yi wani tunani mai kyau, maimakon babban baƙo ya wahala da kibod, ƙaramar sakatariya ce za ta buga, jikar masunci, don duniya ta ga 'ya'yan karkara ma an waye. Aka yi tafi. Yaya ya fita waje wai zai duba janareto, janareton da yake a kashe.

Abin haushin, wannan ne karo na farko da mutumin nan ya yi min abin arziki, ya kuma zaɓi ya yi shi a daidai inda zai kashe ni. Labari ya riga ni isa gida. Inna ta gaya wa unguwa kaf, ta kai ɗinkin sabuwar atamfa, ta ce a gaba za ta zauna ko da hankicin Dokta zai ƙare, tana ta cewa, "Ɗiyata ce za ta taɓa na'ura gaban Sarkin Ruwa, shi da ya san babana." Ba ta san sunan baban nata ne zai fara fitowa ba, da abin da aka liƙa masa. Baba ma bai sani ba, shi da ko dariya da ƙarfi ba ya so a yi a gaban manya.

Yanzu ga inda nake. Yaya ya ce mu yi shiru mu yi ta addu'a majigin ya ƙone, wai kayan ofishin ba su taɓa yin aiki ranar da ake so ba, amma ni na san halin kayan nan, ranar da kake so su mutu ranar suke tashi da lafiya. Ƙawata ta ce in faɗi sumammiya da an kira ni, na ce sai wani ya buga ai, ina kwance ana min fifita ana karanta wuƙar fawa a lasifika. Na yi tunanin zuba wa janareto ruwa, sai na tuna shi ma a wuyan Yaya yake. Na yi tunanin in buga wani kifin daban in ce hannuna ne ya zame, amma Dokta yana tsaye a kaina, zai ce a sake.

Hanya ɗaya da ta rage ita ce in je in same shi tun yanzu, tunda akwai sauran lokacin da zai sa hannu a sayi mai, a sa Injiniya ya zo da wuri. Amma in na je, dole ya karanta abin da idonsa, dole kuma ya gane da fasawod ɗin wa na shiga, ga sanarwar jan biro a bango, aikin da Yaya ya yi gemu yana jira ya tafi. Sai dai in na shiga masa ta ƙofar wasa, in riƙo bandar tarwaɗa mai kyau in durƙusa in ce, ranka ya daɗe, 'yar masunta ce ta taɓa ɗan mahauta, kuma ba a fushi da abokin wasa, kowa ya sani. In ya karɓa, dole ya yafe har da Yaya, don ba a yafe rabin wasa. To amma kafin ya karɓa sai ya yarda shi ɗan mahauta ne, abin da ya shekara da shekaru yana rufewa da tabarau. Ina iya zuwa neman tsari da abin da ya fi zagin ma yi masa ciwo.

Don haka nake tambayarku. In je in same shi da kifin, ko in bi Yaya mu zuba wa majigi ido? In zan je, in tafi da tsohon mahaucin nan na kasuwa ya shige min gaba, ko ganinsa ne zai ƙarasa lalata komai? In fara gaya wa Inna, ko in bar ta ta ji daɗin atamfarta zuwa Laraba? Masana kwamfuta, akwai yadda ake sa indes ya manta abu ɗaya tak ba tare da fasawod ɗin mai rigar lemo ba? Musamman kuma 'ya'yan mahauta da ke gurup ɗin nan, na san kuna nan ina jin ƙudaje, ku ajiye wuƙa ku amsa min tsakani da Allah, wasan da ke tsakaninmu yana aiki a kan wanda ya ce shi ba naku ba ne? Ku amsa kafin tela ya gama ɗinkin Inna, don ɗazu na wuce ta shagonsa, saura hannu ɗaya.